Yara Bakwai na Makarantar Durumi

Malam Nata'ala, wanda Allah Ya yi wa rasuwa bara, ya yi shekara goma sha tara yana koyarwa a makaranta ɗaya, wata ƙaramar firamare ta gwamnati da ke lungu tsakanin Mandawari da Kabara. A takarda tana da suna mai tsawo, amma kowa Makarantar Durumi yake ce mata, saboda bishiyar da ke tsakiyar filinta. Ya shiga a 1979, shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula. An rufe ta a 1998, saura shekara guda su sake miƙawa. A shekaru goma sha ɗaya na ƙarshe shi ne hedimasta. Ban taɓa zama ɗalibinsa ba, ban kuma taɓa shiga makarantar tana aiki ba, ko da yake 'yata ta yi kusan shekara biyar a cikinta. Abin da zan faɗa a kansa, wani daga bakinsa na ji, wani daga bakin mahaifiyata, sauran a rajistarsa na karanta.

Ɗan baduku ne. Mahaifinsa yana ɗinka gafaka da kube a zauren gidansu a Mandawari, kuma Nata'ala ya iya riƙe basilla tun kafin ya riƙe fensir. Boko ya shiga a makare, yana da shekara goma. Da gwamnati ta buɗe firamare kyauta ga kowa a tsakiyar shekarun saba'in aka rasa malamai, sai aka kwashi samari irinsa zuwa kwalejin horon malamai. Da ya fito aka tura shi Durumi, tafiyar minti biyar daga gida. Duk da haka da keke yake zuwa. Ya ce malamin da ya zo a ƙasa yara ba sa jin zuwansa, shi kuwa tun daga bakin lungu yake kaɗa ƙararrawa don masu latti su kwasa a guje.

Ranar ɗaukar sababbin ɗalibai a ƙarƙashin durumin yake ajiye tebur. Yaro ya ɗora hannu bisa kansa, in ya kamo kunnen ɗaya gefen an ɗauke shi, in bai kamo ba sai baɗi. Rajistar gwamnati tana da gidan suna da shekaru da jinsi. Shi sai ya sa rula ya ƙara wasu gidaje uku: sana'ar uba, wanda yaron yake hannunsa, da sunan yanka, domin rabin yaran unguwar da laƙabi ake kawo su. Wani sifeto ya taɓa ce masa wannan ba ya cikin tsari. Ya ce, "Ranka ya daɗe, takardar ce taku, rular tawa ce."

Daga waɗannan gidaje ya san makarantarsa. Ya san ɗaya cikin biyar na yaransa 'ya'yan 'yan cirani ne, masu dako da 'yan ga-ruwa, waɗanda ke komawa ƙauye da ruwan fari, su dawo bayan kaka sun manta rabin abin da suka koya. Kullum su ne a ƙasa idan an jera sakamako, amma bai yarda malami ya kira su daƙiƙai ba. Yakan ce a ba su wata tara kamar kowa tukuna. Ya san 'yan mata ne a gaba daga aji ɗaya zuwa uku, daga nan tallan safe ya fara cin lokacinsu. Saboda su ya mayar da darasin lissafi bayan hutun ƙarfe tara, lokacin da mai tallan koko ta sayar, ta ajiye ƙwarya, ta iso. 'Ya'yan marina da shuɗi a gefen littafi ake gane su. 'Ya'yan teloli gyangyaɗi suke yi duk makon da salla ta gabato. Yaran da ke hannun kakanni kuwa su ne masu latti da yawan magana. A shekararsa mafi kyau, 1990, yara talatin da ɗaya suka zauna jarrabawar shiga sakandare, ashirin da biyu suka ci. Sau uku ya ba ni wannan adadi a zama ɗaya.

'Yata ta fari tana cikin masu latti da yawan magana. An haife ta a 1985. Da aka yaye ta, mahaifiyata Hajiya Kulu, wadda duk gidanmu Dada muke ce mata, ta ɗauke ta kamar yadda aka saba, ta riƙe ta a tsohon gidanmu na Kabara. Ni da uwarta muka koma gidajen ma'aikata a wajen ganuwa. Sunan mahaifiyar Dada aka raɗa wa yarinyar, don haka Dada ba ta iya faɗarsa, aka riƙa kiranta 'Yardada. Ni ko wannan ba na faɗa. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya tambayar labarinsa kai tsaye. Na yi digiri a kan ƙididdiga a Zariya, na bar al'adu da yawa na gida, wannan ban bari ba. Idan na je gaida Dada ranar Juma'a, yarinyar takan durƙusa a bakin ƙofa ta gaishe ni, in amsa ina kallon wani wuri. Sau biyu na tarar da katin sakamakonta a kan tabarma, daidai inda nake zama. Ban ɗauka ba. A raina ina jira ta shiga sakandare, sannan in nemi hanyar tambaya.

A bazarar 1996 sanƙarau ya shigo gari. Ta kwanta ranar Lahadi, aka yi jana'izarta ranar Laraba bayan la'asar. Tana aji biyar. Masu ta'aziyya wajen Dada suka nufa, haka ya dace, ni ina gefe ina amsa gaisuwa. Hedimastan makarantarsu ya zo. Na tuna kekensa a jingine da bango, ban tuna fuskarsa ba. Kafin sadakar bakwai Dada ta rabar da kayan yarinyar duka, har jakar makaranta da abin da ke cikinta, don ba ta iya ganinsu.

Aikina a lokacin shi ne haɗa alkaluman makarantun firamare na yankinmu. Ƙarshen kowace shekara hedimastoci suna cike fom su aiko: yara nawa aka fara da su, maza nawa, mata nawa, nawa suka koma wata makaranta, nawa suka bar karatu, nawa suka rage. Bayan waɗannan fom ɗin ba shi da wani gida. Na Durumi na wannan shekara bai haɗu ba. An fara da yara ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Tara sun koma wasu makarantu, goma sha biyu sun bar karatu. Ya kamata ɗari biyu da ashirin su rage. Hedimasta ya rubuta ɗari biyu da goma sha uku.

Na mayar da fom ɗin da takarda, na ce a gyara lissafi. Ya dawo yadda yake, da layi ɗaya a ƙasa: "Adadin daidai ne." Na sake mayarwa, ya sake dawowa. A karo na uku na rubuta a fayil cewa alkaluman wannan makaranta ba abin dogaro ba ne, na sa hannu. Mai karatu zai ce yaya ban gane ba. Sauran hedimastoci duk yaron da ya rasu a gidan "sun bar karatu" suke sa shi, lissafinsu ya haɗu, mu kuma ba ma tambaya. Sannan a shekarar ba na son idona ya daɗe a kan sunan wannan makaranta.

Bayan shekara biyu aka kafa kwamitin haɗe ƙananan makarantu. Ba jumlata kaɗai ce ta rufe Durumi ba. Rufin ajujuwa biyu ya rufta, kuma masu hali irina sun fita wajen ganuwa da 'ya'yansu, ko sun kai su makarantun kuɗi. Amma jumlata tana shafi na biyu na rahoton. Aka raba yaran zuwa manyan makarantu biyu, aka sa kwaɗo a ƙofa. Malam Nata'ala aka tura shi wani wuri a matsayin mataimaki. Zango ɗaya ya yi, ya ajiye aiki, ya koma zauren mahaifinsa da basilla.

Da farar hula suka dawo a 1999, aka yi wa mutanen unguwanni alkawarin duba makarantun da aka rufe. Aka ce ofishinmu ya tattaro tarihin kowace, yawan ɗalibai da sakamakonsu shekara-shekara. Rajistocin Durumi ba sa ofis, aka ce suna hannun tsohon hedimasta. Ina da ma'aikata uku da zan iya aikawa. Na ce ni zan je. Na faɗa wa kaina aiki ne. Amma na san in akwai inda aka rubuta wace irin ɗaliba ce 'yata, to a littattafan nan ne, ba sauran wani wuri.

Wata Asabar ce da hantsi, cikin Oktoba. Na bi ta gaban makarantar. Kwaɗon ya yi tsatsa, amma katangar baya ta faɗi, wani ya shigar da raguna ya ɗaure a inuwar durumin. Na wuce zuwa Mandawari na yi sallama a zaure. Wani siririn dattijo yana zaune a kan buzu da gafaka a cinya, tabaransa an ɗaure ƙafa ɗaya da zare. Muka gaisa har ƙarshe, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Muttaka na Hajiya Kulu," in ji shi. "Mai jan biro. Ko yau ma lissafin ne bai haɗu ba?"

"Malam, rajistocin makaranta na zo dubawa."

"Ikon Allah. Takarda biyu ka aiko mini, ashe kana da ƙafa."

Ya nuna sama. A jikin azara ya rataye jakunkunan fata goma sha tara, kowace da shekararta, saboda gara. Kowace rajista shi da kansa ya ɗinka mata bango da jar fata. Matarsa Asibi ta yi magana daga bayan labule.

"Malam, in mutumin gwamnati ne, don Allah ya kwashe su. Rannan ɗaya ta kusa faɗo wa maƙwabcinmu Alhaji Sabo a ka."

"Ke dai kawo wa baƙo ruwa. So take ta ba mai ƙosai ta yi ƙunshi da su."

"Ai mai ƙosai ta fi gwamnati son su. Sau uku tana aikowa!"

"To ga gwamnati ta zo da kanta yau, sai ki yi shiru."

Ya riƙa sauko da su ɗaya bayan ɗaya da gora mai ƙugiya, ni ina kwafe alkaluma a sabon fom. Kowace shekara yana da abin faɗa a kanta: wannan ce shekarar da mata suka fi maza yawa, wannan ce shekarar da ɗan mai dako ya zo na ɗaya duk da wata uku da ya yi a gona. Da muka zo 1991, shekarar da aka sa 'yata, na gama kwafe adadi amma ban rufe littafin ba. Na bi jerin sababbin ɗalibai da yatsa ina neman sunana a gefen wani suna. Ban gani ba. Na sake bi. Malam Nata'ala ya koma ɗinkinsa. Ni kuwa ban iya tambaya ba, na rufe na miƙa masa.

Da ya sauko da ta 1996 na ce, "Malam, yaran nan bakwai da suka ɓace a lissafi."

Ya soke basilla a jikin fata, ya buɗe shafin ƙarshe ya juyo mini. Sunaye bakwai ne a jere da baƙin tawada, kowane da kwanan wata, tsakanin Fabrairu da Afrilu. Babu wani kanu a sama.

"Fom ɗinku cewa ya yi 'sun bar karatu'," in ji shi. "Na san masu wannan gida. Wanda aka cire aka kai rumfa, da wanda ya gaji ya daina zuwa. Waɗannan ba su bari ba. Ka ga Mamman, na uku? Ranar Alhamis shi ya share allo. In haɗa shi da waɗanda suka gudu?"

"Da ka rubuto mini haka, Malam."

"Sau biyu ina ɗaukar biro. Sai in ga sunan da ke ƙasan takardarka. Yaya zan rubuta wa uba, a takardar ofis mai hatimi, in ce masa 'yarsa ta fari tana cikin abin da yake nema? Na ce zai gane. Na ce in bai gane ba zai zo, mu yi magana a zaure kamar mutane. Kai kana kunya, ni ina jin kunyarka."

Na ce, "Ni na rubuta cewa alkalumanka ba abin dogaro ba ne."

"Na sani. A gaban kwamiti aka karanta mini. Turancin ya yi kyau."

Na nemi rularsa. A sabon fom na ja gida ɗaya bayan na ƙarshe, na rubuta "sun rasu", na sa bakwai a ƙarƙashin 1996. Tara da goma sha biyu da bakwai da ɗari biyu da goma sha uku, lissafin ya haɗu. Daga baya na haɗa da takardar janye abin da na rubuta a fayil. An karɓa an ajiye. Makarantar ba a sake buɗe ta ba har yau.

Ina cikin mayar da rula sai ya sake jawo rajistar 1991, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan layi na ashirin da shida. 'Yardada Kulu. Da sunan kakarta aka rubuta ta, shi ya sa ban ga nawa ba. A gidan wanda yaro yake hannunsa an rubuta "kaka". A gidan sana'ar uba an soke "ma'aikaci", an rubuta da wata tawada daban: "ƙirga makarantu".

"Hajiya ce ta ce ma'aikaci," in ji shi. "Yarinyar tana aji biyu ta zo ofis da kanta ta ce in gyara. Wai babanta makarantu yake ƙirgawa, kuma tamu tana ciki."

Ya tara mini rajistoci biyar a gabana, ya buɗe kowace a inda take. A aji ɗaya ta zo ta goma sha huɗu cikin arba'in da biyu. A aji biyu ta tara. A aji uku ta uku, a aji huɗu ta biyu. Lissafinta bai taɓa sauka ƙasa da tamanin da biyar ba. Rubutun hannu bai taɓa kai hamsin ba, kamar nawa. An rubuta abin da malamin aji uku ya ce: "Tana gama nata ta juya tana yi wa na baya. An hana ta, ba ta bari ba." A aji huɗu ta yi latti sau sittin da ɗaya.

"Sittin da ɗaya?"

"Hajiya ba ta sakinta sai ta shanye koko an ƙara mata. Na aika da ƙorafi, Hajiya ta aiko mini da nawa kokon."

A zangon farko na aji biyar ta zo ta ɗaya. Zango na biyu babu komai a gidajen, kuma ba a ja layi a kan sunan ba. Na daɗe a wannan shafi. Bai hanzarta ni ba. Asibi ta turo kwanon ruwa ta ƙarƙashin labule, ya miƙo mini, na sha.

Sannan ya koma layi na ashirin da shida, ya matsar da yatsa zuwa gida na ƙarshe da ya ja da rularsa, gidan sunan yanka. Duk shafin a cike yake, nata ne kaɗai fari.

"Ranar da aka kawo ta Hajiya ta ce sunan uwarta ne, ba za ta iya ba, in tambayi uban. Yarinyar ta so ta faɗa mini. Na ce a'a, wannan gida babba ke cike shi. Sai ta ce to in bar shi, babanta zai zo ranar da ta yi ta ɗaya."

Katin da na tarar a kan tabarma karo na biyu, a watan Disamba ne na 1995.

Na zaro birona daga aljihu. Ya rufe shafin da tafin hannu.

"A'a. Rajistata ba mai rubutu a ciki sai ni. Kai faɗa kawai."

Ya ɗauko alƙalaminsa daga gwangwani, ya tsoma a tawada, ya riƙe shi bisa takardar yana jira. A waje wani ɗan ga-ruwa ya wuce yana buga garwa. Tun ranar suna, da liman ya tambaye ni a kunne, ban sake furta sunanta ba. Shekara goma sha huɗu ke nan. Tawadar ta bushe a bakin alƙalamin, ya sake tsomawa.

Na ce, "Sa'ida."

"Ban ji ba. Kunnen nan ya tsufa."

Na sake faɗa, da ƙarfi kaɗan.

"Sa'ida Muttaka," in ji shi, yana rubutawa a hankali, harafi-harafi. Ya hura takardar har ta bushe, ya juyo mini littafin in duba ko ya rubuta daidai.